Gatarin Masar da Ɗanyar Fatar Malam Boukari

A shekarar 2022 aka kwashe tsofaffin barguna da kujerun katako daga ɗakin sama na wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi da ke birnin Greensboro na ƙasar Amurka, aka sauke su ɗakin ajiya na ƙasa, aka jera makaman tsohuwar Masar a gurbinsu. Wani likita ne na unguwar Irving Park ya tara makaman tun yana saurayi. Da ya rasu, matarsa ta ba gidan su kyauta bisa sharaɗi guda: a nuna kowane abu yadda mai shi ya bar shi, kada a ƙara, kada a rage. Wannan sauyi bai dami kowa a garin ba, in ban da mutum ɗaya, wato mai gadin da aka ɗora wa tsaron ɗakin, Malam Boukari.

Malam Boukari mutumin Damagaram ne, haifaffen unguwar Birni a Zinder, kuma ɗan maƙera ne gaba da baya. Mutanen gidansu sukan ce kakanninsu suna cikin waɗanda suka zuba igwa a zamanin da. Mahaifinsa, Maazou, ya haɗa ƙira biyu, baƙi da fari: yana ƙera garma da lauje da baƙin ƙarfe, yana kuma narka tagulla ya zuba munduwa da ƙararrawa. Boukari ya fara zuga yana ɗan shekara bakwai, ya kama awartaki yana da goma sha biyu, da ya cika ashirin kuwa uban ya miƙa masa masabarsa, ya koma gefe yana kallo. Amma kasuwa ba ta jira shi ba. Kayan kanti suka cika gari, manoma suka koma sayen garmar da aka buga a inji, maƙera ta koma wurin hira. A 1998 ya bi sahun 'yan garinsu zuwa Greensboro, da jaka guda da masabar nan naɗe cikin rawani.

Ya yi shekara huɗu yana fiɗar kaji a wata masana'anta, har ya daina cin kaza. Ya yi wasu shekarun yana ninke safa. Daga bisani ya sami aikin gadi a gidan tarihin, wanda shi da 'yan ƙasarsu suke kira muze. A tsakanin nan matarsa Kouloussoum ta iso, suka kama gida a gabashin gari, suka haifi 'ya'ya uku waɗanda ake yi wa magana da Hausa su amsa da Ingilishi, kuma babu ɗayansu da ya taɓa ganin wutar maƙera. Masabar kuwa ta sami wani aiki. Kouloussoum ta gano babu abin da ya fi ta fasa daskararren nama, sai ta koma zama a kicin kusa da ludayi, maiƙo ya rufe ƙotarta. Duk lokacin da Malam Boukari ya ji ƙararta a kan cinyar rago, yakan yi tsaki ya ƙara muryar rediyo.

Ranar da aka buɗe sabon ɗakin a watan Maris, tun kafin baƙi su shigo, ya zagaya akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya, hannuwa a baya, kamar wanda ya je gaida surukai. Ga wuƙaƙe, ga kawunan masu, ga wani takobi mai lanƙwasa kamar lauje. A akwatin tsakiya kuwa gatari ne. Ruwansa bai wuce tafin hannu ba, tsufa ya mai da shi kore shar, allon da ke gefensa ya ce shekarunsa sun haura dubu uku. Malam Boukari ya sunkuya har numfashinsa ya dusashe gilashin. A bakin gatarin ya ga wasu 'yan tabo a jere, waɗanda idon da bai san aikin ba zai ɗauka cin ƙasa ne. Sawun masaba ne. Wanda ya zuba gatarin bai tsaya a zubi ba. Da ya huce, ya bi bakin da duka, bugu kusa da bugu, domin tagulla ba ta yin tauri sai an dake ta a sanyi. Haka Maazou yake yi, ba bambanci ko na ƙwayar gero. A bayan ruwan kuma akwai kunnuwa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Gatarin Hausa ba shi da su, don wutsiyarsa ake zurawa cikin ƙota, amma duk wanda ya taɓa ɗaure tsagaggiyar ƙota da ɗanyar fata ba sai an gaya masa amfaninsu ba. Maɗauri ne. A nan ake zagaya jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe ta tsuke, ta riƙe ƙarfe da itace kamar tare aka halicce su.

Sannan idonsa ya sauka a kan abin da likita ya yi. Marigayin ya ga ruwan gatari babu ƙota, sai ya ga ya kamata ya taimaka. Ya sa injin huji ya huda tagullar a wuri biyu, ya ɗaure ta da kusoshi masu murɗi a jikin tsohuwar sandar buga golf, ya bi mahaɗar da gam. Gam ɗin ya tsattsafo ta gefe, rawaya, ya bushe a nan kamar majinar da aka ƙi sharewa. Kunnuwan nan biyu suna tsaye a banza, ba abin da suka riƙe. Yawu ya taru a bakin Malam Boukari, ya duba hagu da dama bai ga inda zai tofar ba, ya haɗiye. A saman ƙofa an rubuta sunan likita da ruwan zinariya. A allon gatari, wurin sunan maƙeri, an rubuta cewa ba a san shi ba.

Nan aka ajiye masa kujera, daidai saitin akwatin, awa takwas kowace rana. Ya ga masu zuwa su juya wa gatarin baya su ɗauki hoton kansu suna yaƙe haƙora. Ya ga wata mata ta tsaya a gabansa ta gyara jan-bakinta da gilashin, ta wuce ba ta san akwai wani abu a ciki ba. A shagon tsaraba na ƙasa aka fara sayar da wuƙaƙen roba da cakulan mai siffar gatari, mutane suna gatsa suna lashe yatsu. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi tayar masa da zuciya shi ne masu ilimin cikinsu, waɗanda za su karanta allo a tsanake, su dubi sandar golf da gam, su gyaɗa kai su ce lallai mutanen da sun iya aiki.

Ya kai maganar gida har ta gundiri Kouloussoum. Wata rana yana cikin bayanin hujin a karo na barkatai, tuwo yana hucewa a gabansa, ta ce, "Malam, wai gatarin nan na Baba Maazou ne?"

"Na ɗan'uwansa ne a sana'a."

"To ɗan'uwan nasa ya huta shekara dubu uku, kai ka hana kanka cin abinci. Sa hannu, don Allah, kafin miya ta yi fata."

Mai kula da kayan gidan wata matashiya ce, Nadia, wadda iyayenta suka zo daga Masar amma a Amurka aka haife ta. Wata safiya a watan Mayu ta shigo duba ma'aunin zafi na akwatunan, Malam Boukari ya miƙe, ya tattaro Ingilishinsa mai gauraye da Faransanci, ya nuna gam ɗin da leɓe.

"Madam, wannan abu ba ya tayar miki da zuciya?"

Ta waiwaya ta tabbata ba kowa, sannan ta ce, "Kowace rana. Amma takardar kyautar ta hana ni taɓa ko kusa guda. Kai me ka gani?"

Bai iya faɗa da baki ba, sai ya sa yatsa a kan gilashin ya zana: daga kunnen sama, a zagaya ƙota, a gitta, a kama kunnen ƙasa, a dawo, a saƙa ta tsakiya, a tura bakin igiyar ƙarƙashin 'yar'uwarta ba tare da ƙulli ba. Nadia ta sauka ofis ta dawo da wani ƙaton littafi, ta buɗe hoton wani gatari da aka tono da ɗaurinsa, ta ɗora a kan akwatin. Abin da yatsansa ya zana ke nan. Ita a littafi ta karanta, shi a hannu ya gada.

A nan tsaye ta yanke shawara. Tunda ba za a taɓa na likita ba, Malam Boukari ya ƙera masa tagwai, a ɗaure shi yadda ya kamata, a ajiye su gefe da gefe, mai ido ya gani. Za a yi masa allo nasa, da sunan wanda ya ƙera da sunan ubansa da garinsu. Ta sa wa'adi ƙarshen Agusta, kafin makarantu su fara kawo ɗalibai.

Malam Boukari ya koma kujerarsa. Shekara ashirin da huɗu rabonsa da hura wuta. Ya san abin da ke cikin wannan allo: in gatarin ya shiga akwati, 'ya'yansa za su karanta, da Ingilishin da suka fi ji, cewa ubansu maƙeri ne ɗan maƙeri. In bai shiga ba, mai gadi suka sani, mai gadi kuma za su binne.

Wurin hura wuta sai da taimakon Ɗantala, wani mahauci Bakano mai shagon nama a gabashin gari, wanda ya san wani Bature mai gona a bayan gari inda jama'a suke yanka. Tsakanin Ɗantala da Boukari akwai wasan Kanawa da Damagarawa, wanda ƙetare teku bai wanke ba. Ranar Lahadin farko Ɗantala ya zo gonar ya tarar da Malam Boukari ya haƙa rami ya cika da gawayi, ya kafa injin hura busassun ganye a bakinsa.

"Kai bawana, me zan gani? Wannan ne zugazugin Damagaram?"

"Matsa mini, Bakano, kada ka ƙone. Da irin wutar nan kakana ya zuba igwar da ta sa kakanka ya bar takalminsa a daji."

"Wace? Wadda ta fashe ta kashe jakinku? Mun ji labari, har yanzu muna muku ta'aziyya."

"Bon, riƙe injin nan, ka yi wani amfani sau ɗaya a rayuwarka."

Malam Boukari ya siffanta ruwan gatarin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu da aka kwaɓa da kashin doki, ya gasa har kakin ya tsiyaye ya bar gurbinsa. Ya narka tsofaffin bututun ruwa na jan ƙarfe, ya jefa kuza daidai yadda idonsa ya gaya masa. Zubin farko ya fito ido-ido kamar masa. Na biyu kunne ɗaya bai cika ba, Ɗantala ya ce ai Badamagare ne sak, ba ya jin magana sai da ɓari guda. A Lahadi ta uku ya fasa yumɓun, gatari ya faɗo cikin ƙasa da kunnuwansa biyu, launin hantsi. Ya koma gida ya shiga kicin bai nemi izinin kowa ba, ya ɗauke masabar daga cikin ludaya, ya wanke maiƙonta da toka sau uku. Kwana huɗu yana bin bakin gatarin da duka a sanyi. Ƙota kuwa ya sare ta daga wata bishiya mai ƙaya a gonar, wadda ya ga ta yi kama da bagaruwa.

Saura fata. Babbar Salla ta faɗo cikin Yuli, jama'a suka cika gonar, aka yi ta yanka tun hantsi. Da Malam Boukari ya tambayi inda ake tara fatu, Ɗantala ya kai shi bayan rumbu ya nuna masa wani rami. Fatun layya ne a ciki, na raguna da na shanu, an watsa su kan tumbi da jini, ƙudaje sun yi musu baƙin mayafi, ana jiran motar da za ta turo ƙasa ta rufe.

"Inna lillahi," in ji Malam Boukari. "A garinmu fatar layya sai an yi shawara kafin a san wa za a ba."

"Nan ba majemi, ba baduku. Shara ce. Ka zaɓa, kyauta na ba ka, kada ka ce Kanawa ba su da alheri."

"Ku da ana sayen wari, da tuni kun ɗura shi a kwalba."

Ya toshe hanci ya shiga ramin, ya yanko gadon bayan fatar wani jan sa. Ya jiƙa ta a bokiti da ruwan toka a barandar gidansu don gashin ya saki. A kwana na biyu maƙwabta suka rufe tagogi. A na uku Kouloussoum ta daina shanya a barandar, ta koma cin abinci a ɗaki da turaren wuta a gabanta. Shi kansa in ya buɗe bokitin sai ya kau da kai, amma ya san wannan wari hanya ce, ba masauki ba. Ya kankare gashi da kitse, ya zaga fatar da wuƙa daga gefe zuwa tsakiya, ya fitar da igiya guda kamu goma sha biyar ba yankewa. Ranar Asabar da sassafe ya zauna a ƙasa, ya taka ƙota da ƙafa, ya ja da hannu da haƙori, ya ɗaure gatarin yadda ya zana wa Nadia.

Daga nan aikin ba na hannu ba ne, na iska ne. Ɗanyar fata tana son inuwa da busasshiyar iska, ta tsuke a hankali. A Zinder kowane zaure yana da wannan. Amma iskar Yuli a jihar Karolina, inda Greensboro take, kamar jiƙaƙƙen bargo take, kafin azahar ɗaurin ya fara yauƙi maimakon bushewa. Kouloussoum ta tsaya a ƙofar baranda, gefen mayafi a hanci, ta ce, "Malam, yau dai ko bokitin nan ya bar gidan nan, ko ni in tafi gidan ƙawata Hajiya in kwana biyu. Zaɓi ɗaya."

A nan ne ɗakin ajiya na muze ya faɗo masa a rai. Ya san akwai wata na'ura a ciki da ke tsotse laima ba dare ba rana, iskar wurin a bushe take kamar ta zauren ubansa, ga shi kuma mabuɗin yana rataye a ƙugunsa. Da ya tambayi Nadia, da labarin ya ƙare a nan. Amma Maazou ya yi masa wata tarbiyya da ta shiga ƙashi: aikin da bai ƙare ba tsiraici ne, ba a nuna shi ko ga wanda ya sa a yi. A gidansu in mai garma ya leƙo kafin a gama, akan jefa buhu a rufe ta. Saboda haka da la'asar, bayan an sallami baƙi, ya sauka da gatarin a cikin jaka, ya kwantar da shi a kan kanta bayan kwalayen barguna. Bokitin da sauran fatar kuma ya tura shi ƙarƙashin kantar ya kifa masa faranti, ko da ɗaurin zai nemi ƙari. Gidan ba ya buɗewa Lahadi da Litinin.

Ranar Talata da safe ya tarar da Confidence, mai sharar gidan, 'yar Kafanchan, a tsaye a waje, ta naɗe fuskarta da tawul sai idanu.

"Baba Boukari, kada ka shiga! Wani abu ya mutu a besmen, ɗakin ƙasan nan!"

"Wane irin abu?"

"Ina na sani? Shekara shida ina wanke bayan gida a asibiti, ban taɓa jin irin wannan ba. Na buɗe ƙofa kawai, koko da na sha ya ce shi ma fita zai yi. Ga tsutsa, Baba, fari fat, suna tafiya a layi kamar masu zuwa coci!"

Bai tsaya jin sauran ba. Tun daga matakala ɗoyin ya mare shi. Ruwan bokitin ya kumbura ya ture farantin, ya malalo ƙasa, toka-toka, mai kumfa. Ƙwan ƙudan da fatar ta kwaso daga ramin gona ya ƙyanƙyashe, tsutsotsi sun bazu a daɓe, wasu sun fara hawa kwalaye. Na'urar da ya dogara da ita kuwa ta yi aikinta da gaskiya: ta zuƙi warin ta raba wa kowane ɗaki rabonsa, har shagon cakulan. Ya dafa bango ya yi kakari, ƙyamar kansa ta kama shi fiye da ƙyamar bokitin. Ga tsoho mai furfura, wanda ya yi wata huɗu yana tsakin ƙazantar wani, ya zo ya shuka tasa.

Duk da haka sai da ya miƙa hannu bayan kwalayen. Gatarin ya bushe. Fatar ta tsuke ta nutse cikin itace, ta yi launin zuma da taurin ƙaho. Ya ƙwanƙwasa ta da farce, ta amsa.

A haka Nadia ta same shi, gatari a hannu, tsutsa a kan takalmi. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zafi. Ta ce ƙwarin da ke bin fata su ne ke cin ulu, bargunan nan kuwa wasu sun shekara ɗari da hamsin, matan da suka ɗinka su ma ba a san sunayensu ba. Dole a naɗe kowane kwali a kai shi firiza, a rufe gidan mako uku.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Bai ƙare ba, madam."

Ta dube shi, ta dubi gatarin, ta juya ta fita.

Kwamitin gidan ya zauna a farkon Agusta, aka kira shi. An shimfiɗa farar takarda a kan tebur an ɗora gatarin, ba mai taɓa shi sai da safar hannu. Matar likita tana zaune a gefe, tsohuwa siririya, ta danna hankici a hanci, ko da yake an yi mako biyu da warin ya tafi. Malam Boukari ya amsa laifinsa bai yi gardama ba, aka nemi mabuɗin ɗakin ajiya ya miƙa da hannu biyu. Sannan Nadia ta roƙi a fita tsakar gida. Ta sa an kawo gungumen itace. Sara uku Malam Boukari ya yi da gatarin, gungumen ya rabe, ta ɗaga gatarin ta zagaya da shi gaban kowa: ɗaurin bai motsa ba ko da faɗin gashi. Ta ce mako biyu a firiza zai kashe duk abin da ake tsoro a jikin fatar, haka ake yi a ko'ina, kuma gidan bai taɓa mallakar abin da zai koya wa ɗalibai kamar wannan ba.

Da aka koma ciki, matar likita ta sauke hankicin ta ce, "Mijina ya yi shekara hamsin da gatarinsa a ɗakin karatu. Ko ƙuda bai taɓa sauka a kansa ba."

Da Malam Boukari ya yi shiru, wataƙila da an bi shawarar Nadia. Amma abin da ya haɗiye tun watan Maris ya taso masa.

"Gaskiya ne, madam. Wari nawa ne, na karɓa. Amma wari ya yi kwanakinsa ya tafi. Hujin da aka yi wa wancan ba zai toshe ba har tashin duniya."

Tsohuwar ta mai da hankicinta, ta ɗauki jakarta, ta ce wa shugaban kwamiti ya tuna da sauran kayan da ba ta riga ta miƙo ba.

Bayan ta fita aka yi ƙus-ƙus, shugaban ya faɗi hukunci cikin fara'a, kamar mai ba da kyauta. Ruwan gatarin yana da kyau, za a nuna shi, da ƙotarsa, da allonsa. Fata ce kawai ba za ta shiga gidan ba. A yanke ta, a naɗa wata igiyar roba mai launin fata, a manne ta yadda ba za ta zame ba. Ta bayan gilashi wa zai bambance? Har ya zo da samfuri. Ya fito da igiyar daga aljihu, ya fito da gam, ya buɗe murfin don ya nuna ba ya wari. Nadia kuma, ba ta dubi kowa ba, ta turo allon da ta riga ta sa aka buga tun kafin abin ya faru. Malam Boukari ya karanta: Boukari ɗan Maazou, maƙeri, Zinder. Ya sake karantawa. Ya ga 'ya'yansa uku a tsaye gaban akwati suna karanta shi. Sannan ƙamshin gam ɗin ya iso hancinsa, wani zaƙi-zaƙi mai sanyi kamar na ɗakin gawa, zuciyarsa ta tashi fiye da yadda ta tashi a kan bokiti. Ya ga wani mai gadi nan gaba, a kan wannan kujera tasa, yana duban rawayan abu yana tsattsafowa daga gatari, a ƙarƙashinsa kuma sunan Maazou.

Ya tuɓe rigar gadinsa ta sama, ya naɗe gatarin a ciki, ya ce, "Na gode. A bar shi yadda yake." Allon ya bar shi a kan tebur.

Da ya ba Kouloussoum labari, ta ce, "Wato duk warin da muka sha a banza? Ka baro sunanka a kan tebur saboda igiyar fata?"

"Na baro shi don kada a manna shi da gam."

Ta yi tsaki, ta tashi. Amma ita ce ta nemo ƙusa ta nuna masa inda za a kafa a bangon falo, kuma ba ta sake tambayar masaba ba. Ta sayi guduma a kanti.

Yau Malam Boukari yana da shekara sittin da ɗaya. Yana nan a gidan tarihin, sai dai shi da kansa ya roƙi a mai da shi gadin filin ajiye motoci, inda yake shan rana da sanyi, don kada ya ƙara zama gaban akwatin nan. Gatarin Masar yana kan sandar golf da kusoshinsa biyu, a gefensa an ajiye wani na roba da aka yi odarsa daga masana'anta, an shafa masa koren fenti. Nadia takan tsaya su gaisa in ta ajiye mota. Gatarinsa yana rataye a falo. Kowace Babbar Salla yakan sauke shi ya kai gona, a fasa ƙashin raguna da shi, na Damagarawa da na Kanawa, Ɗantala yana cewa albarkacin fatar Kano ce. 'Ya'yan sun san wanda ya ƙera shi, amma babu wanda ya ce a koya masa. Ɗaurin bai saki ba.